Gani Bai Kori Tambaya Ba: Ernest Cole da Hotunan Titunan Afirka ta Kudu

Kowace shekara idan 16 ga watan Yuni ta zagayo, makarantunmu sukan yi bikin Ranar Yaron Afirka. A yi wasan kwaikwayo, yara su rera waƙoƙi, manya su yi jawabi, a watse. Na daɗe ina cikin masu shirya wannan biki a lakwal ɗinmu, amma sai bara na tambayi ƴan ajina na CM2 ko sun san dalilin da ya sa aka ware wannan rana. Babu wanda ya sani. Ban ga laifinsu ba, tunda ni da nake tsaye gabansu kullum ban taɓa gaya musu ba.

Washegari na zo musu da wani tsohon hoto baƙi da fari da na samo a intanet na buga a takarda. Wani yaro ne a cikin aji, ya tsuguna a ƙasa, gumi yana gangarowa a fuskarsa, ya tattara hankalinsa gaba ɗaya kan darasi. Na ce su faɗi abin da suka gani. Wani ya ce yaron zafi yake ji. Wani ya ce bulala yake tsoro. Sai wata yarinya daga can baya ta ɗaga hannu ta ce: “Mushe, ai wannan ajinmu ne, sai dai babu kala.”

Maganar ta tsaya mini a rai. Ta faɗi gaskiya ta wani fanni, ta wani fannin kuma akwai babban abin da ba ta sani ba, wanda hoton shi kaɗai ba zai gaya mata ba. Mukan ce gani ya kori ji. Amma a sha'anin hoto, wanda ya gani bai ji labarin ba, rabin abin kawai ya samu. Shi ya sa nake so mu bi tarihin mutumin da ya ɗauki wannan hoto, mu ga yadda ake karanta irin aikinsa, sannan mu dawo gida.

Ƙasar da aka haife shi

Sunan mai hoton Ernest Cole. An haife shi ranar 21 ga Maris 1940 a Eersterust, wata unguwa a gefen birnin Pretoria. Yana ɗan shekara takwas, a 1948, jam'iyyar National ta fararen fata ta ci zaɓe ta kafa mulkin wariyar launin fata a hukumance. Daga nan dokoki suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. A 1950 aka yi dokar da ta tilasta a rubuta kowane mutum a rajista bisa launinsa, aka kuma yi wadda ta raba unguwanni. A 1952 aka ƙarfafa dokar fas, wato ɗan littafin da dole kowane baƙar fata namiji da ya kai shekara 16 ya riƙa yawo da shi, mai nuna inda aka yarda ya zauna da inda aka yarda ya yi aiki. A 1953 aka yi dokar raba wuraren jama'a, tun daga ƙofar gidan waya har bencin zama. A wannan shekara dai aka yi dokar ilimin Bantu, ƙarƙashin minista Hendrik Verwoerd, wadda ta karɓe makarantun baƙar fata daga hannun mishan ta mayar da su hannun gwamnati, da nufin a ba ɗan baƙar fata ilimin da bai wuce na zama lebura ba.

Cole ya ƙi wannan tsari, ya bar makaranta yana saurayi ya ci gaba da karatu ta hanyar wasiƙa. A 1958 ya samu aiki a mujallar Drum ta birnin Johannesburg, a matsayin mataimakin babban mai hotonta, Bajamushe Jürgen Schadeberg. Drum ita ce makarantar da ta horar da marubuta da masu hoto baƙar fata da dama a wancan zamani. A nan hannunsa ya faɗa. Ya kuma ci karo da aikin Bafaranshe Henri Cartier-Bresson, wanda ya shahara wajen ɗaukar mutane a titi suna cikin harkokinsu, ba tare da an jera su an ce su yi murmushi ba. Cole ya ƙudurta zai yi littafi irin wannan a kan ƙasarsa.

Matsalar ita ce baƙar fata ba shi da ikon yawo inda ya ga dama. Sai ya yi dabara. Ya je ya shawo kan hukumar rajista ta sauya masa aji daga baƙar fata zuwa ruwa-biyu, waɗanda dokar fas ba ta hau kansu ba, ya kuma sauya harafin farko na sunan gidansu daga Kole zuwa Cole. Wannan kaɗai ya isa darasi ga yara: tsarin da ke iƙirarin cewa launin fata halitta ce da ba ta sauyawa, ga shi saurayi ɗaya ya sauya nasa a kan takarda. Da wannan ƴar dama ya shiga tashoshin jirgin ƙasa, asibitoci, makarantu, gidajen Turawa ta ƙofar baya, har da mahaƙar zinariya, inda ya shigar da kyamararsa a ɓoye cikin jakar takarda ta abinci.

A 1966 ya fice daga ƙasar. A 1967 littafinsa mai suna House of Bondage, wato gidan bauta, ya fito a New York. Nan take gwamnatin Afirka ta Kudu ta haramta littafin, shi kuma ta rufe masa ƙofar komawa gida.

Abin da ke ciki da abin da ke waje

Bari mu ɗauki hotunan ɗaya-ɗaya. Akwai wanda ya nuna wata Baturiya zaune a kan benci a Johannesburg, an rubuta a jikin bencin cewa na Turawa ne kawai. Babu duka a hoton, babu ɗan sanda, babu hawaye. Yaron da ba ya jin Turanci zai ce wata mata ce take hutawa, kuma bai yi ƙarya ba. Ma'anar hoton tana wurare biyu. Na farko rubutun da ke jikin katako. Na biyu mutanen da ba sa cikin hoton: masu sharar titin, masu aikin gidaje, masu dako, waɗanda idan sun gaji sai dai su zauna a bakin kwalta. Natsuwar matar ita ce abin dubawa. Ba ta ga wani abin mamaki a wurin ba. Zalunci ya kai matsayin da ya zama kayan titi, kamar fitila da kwandon shara. Darasi na farko ke nan: a tambayi wa ya kamata a gani a wannan wuri amma ba a gan shi ba.

Akwai hotunan kamen fas. Ƴan sanda sun tare saurayi a tsakiyar gari suna neman takardarsa, ga masu wucewa. Ido yakan tafi kai tsaye kan wanda aka kama, amma a hoton titi ƴan kallo su ne rabin labari. Wa ya tsaya, wa ya kawar da kai, wa ya ƙara sauri? Labarin zuciya a tambayi fuska. Kuma sau da yawa ɗan sandan da ke kamen shi ma baƙar fata ne. Yarana sun yi mamakin wannan, domin sun ɗauka labarin na fari ne a gefe guda, baƙi a gefe guda. Dole na bayyana musu cewa mulkin zalunci ba ya tsayuwa sai ya ɗauki wasu daga cikin waɗanda yake zalunta ya ba su kaki da albashi. Kakanninsu da suka ga zamanin aikin tilas na Faransa sun san cewa wanda ke zuwa ƙauye kamun mutane galibi ba Bature ba ne.

Akwai hotunan jirgin ƙasa. Dandamalin tasha ya cika maƙil da ma'aikata, wasu sun maƙale a jikin taragu da tsakaninsu jirgi yana gudu, alhali ɓangaren Turawa fayau yake. Wanda bai san tarihi ba zai ce cunkoso ne irin na kowane babban birni. Amma cunkoson nan doka ce ta haife shi. An kwashe baƙar fata daga unguwannin cikin gari, kamar Sophiatown da aka fara rushewa a 1955, aka kai su nesa irin su Soweto, alhali aikinsu yana cikin gari. Birnin yana son hannuwansu da rana, ba ya son su kwana cikinsa. Don haka kowace asuba da kowane maraice dubban mutane su yi tsere da jirgi, kuma wanda ya makara yana iya rasa aiki, wanda ya rasa aiki fas ɗinsa ya lalace, wanda fas ɗinsa ya lalace sai kurkuku ko kora zuwa ƙauye. Duk wannan sarƙa tana cikin hannun da ya riƙe ƙarfen taragu.

Akwai hoton mai reno, baƙar mace tana rungume da ɗiyar Turawa cikin so. Wannan ya fi sauran wuyar karantawa, domin ƙaunar da ke cikinsa ta gaske ce. Tambayar da za a yi ita ce: nata ƴaƴan fa, suna ina a wannan lokaci? Masu aikin gida suna kwana a ƙaramin ɗaki a bayan gidan uwargijiyarsu, doka ba ta yarda iyalinsu su zauna tare da su ba. Ƴaƴansu suna can unguwar baƙar fata ko ƙauye wajen kaka. Idan gwamnati ce ta buga wannan hoto, sai ta ce ku ga yadda muke zaune lafiya. Cole ya sa shi a tsakiyar wasu hotuna da suka nuna ɗakin da matar take kwana da irin rayuwar da take yi. Hoto ɗaya yana iya yi wa maƙiya biyu aiki, gwargwadon abin da aka ajiye kusa da shi da abin da aka rubuta ƙarƙashinsa.

Sai hoton da ya fi kowanne shahara: jerin maza tsirara, sun juya baya, sun ɗaga hannuwa sama, ana duba lafiyarsu kafin a ɗauke su aikin haƙar zinariya. Wannan ban kai shi aji ba, kuma ba na ba abokan aikina na firamare shawarar su kai shi. Amma mu manya ya kamata mu tsaya a kansa. Magidanta ne, wasu sun baro mata da ƴaƴa a ƙasashe maƙwabta, an jera su kamar dabbobi a kasuwa. Cole ya ɗauke su a ɓoye, ke nan su ma bai nemi izininsu ba. Ya tona asirin kamfanin haƙar ma'adinai, amma da tsiraicin waɗannan bayin Allah ya tona shi. Ni a ganina abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne ba a ganin fuskokinsu, kuma mai hoton yana cikin hatsari iri ɗaya da nasu. Duk da haka tambayar ba ta mutu ba, kuma ta shafe mu yau fiye da jiya, yanzu da kowa yake da salula: idan an yi hatsari a hanya, kafin a kawo taimako an riga an ɗauki gawa an watsa a WhatsApp. Wa ya ba mu izini, kuma wa abin zai amfana?

Me ya sa baƙi da fari

Yara sukan ɗauka duk hoton da ba shi da kala na zamanin da can ne, kusa da zamanin Sarauniya Mangu. Wannan kuskure ne da ya kamata mu gyara. A shekarun 1960 akwai hoto mai kala. Masu hoton jarida suna aiki da baƙi da fari ne saboda dalilai na zahiri. Fim ɗinsa ya fi araha. Ya fi jure ƙarancin haske, don haka ana iya ɗauka cikin taragu ko da dare ba tare da walƙiyar fitila da za ta tona asiri ba. Mutum yana iya wanke shi da kansa a ɗaki mai duhu, ba sai ya miƙa wa wani kamfani ba, abin da ke da muhimmanci ga wanda ƴan sanda ke bibiya. Jaridun ma a baƙi da fari suke bugawa.

Rashin kala yana da tasiri a kan mai kallo. Idan babu jan riga ko shuɗin sama da za su ja ido, sai hankali ya koma kan fuska, hannu, tsayuwar jiki da tazarar da ke tsakanin mutane. Wannan alheri ne ga mai karanta hoto. Illarsa kuwa, yana sa abu ya yi kama da wanda ya wuce tuntuni, har ma ya ƙawata wahala ta zama abin ratayawa a bango. Saboda haka nakan ba yara lissafi: an soke dokar fas a 1986, an yi zaɓen farko na kowa da kowa a watan Afrilun 1994. Ni malaminku an riga an haife ni lokacin da ake kama mutane saboda wannan takarda. Yaron da ke gumi a hoton, in Allah ya ja kwanansa, yanzu dattijo ne sa'an kakanninku.

Mai hoto yana zaɓe

Cole bai ɓoye manufarsa ba: shaida yake tarawa a kan wani tsari. Abin da ya nuna gaskiya ne, sai dai kowane mai hoto yana zaɓar inda zai tsaya da lokacin da zai danna. A daidai shekarun da Cole ke bin tashoshin Johannesburg, Malick Sidibé yana zagaya wuraren rawar samari a Bamako, a Mali da ba ta daɗe da samun ƴanci ba. A Yamai kuma Philippe Koudjina yana ɗaukar dararen birnin, mawaƙa da masu rawa da ƴan gayu, a shekarun 1960 da 1970. Duka baƙi da fari, duka Afirka. Wanda ya ga na Cole kaɗai zai ce nahiyar kuka ce zalla. Wanda ya ga na Sidibé kaɗai zai ce biki ce zalla. A Soweto ma ana aure ana rawa, a Bamako ma akwai yunwa da ƴan sanda.

Sanannen hoton Sidibé na 1963, wanda saurayi da budurwa ke rawa kawunansu sun kusa haɗuwa, ita ba takalmi a ƙafarta, kusan duk wanda ya gani yakan ce masoya ne. Alhali wa ne da ƙanwarsa, yana koya mata rawa. Idan ido zai iya yin kuskure a abu mai sauƙi irin wannan, ina ga hoton rikici da aka turo maka ba suna, ba rana, ba wuri?

Daga ajin Cole zuwa titin Soweto

Mu koma ga yaron da ke gumi. A ƙarƙashin ilimin Bantu, abin da gwamnati ke kashewa ɗan Bature ya ninka na ɗan baƙar fata sau da yawa. Azuzuwa sun cika, kujeru ba su isa ba, malami ɗaya yakan koyar da rukuni biyu a rana. A 1974 gwamnati ta ƙara da umarnin cewa a koyar da wasu darussa, ciki har da lissafi, da harshen Afrikaans, harshen masu mulki, wanda yara da yawa da malamansu ba su iya ba. Ranar 16 ga Yuni 1976 dubban ɗalibai suka fito zanga-zanga a Soweto. Ƴan sanda suka buɗe wuta.

A wurin akwai Sam Nzima, mai hoton jaridar The World. Shi ya ɗauki hoton da duniya ta sani: wani saurayi, Mbuyisa Makhubo, yana gudu ɗauke da Hector Pieterson, ɗan shekara 12 da aka harba, yayar yaron, Antoinette, tana gudu a gefensu cikin kayan makaranta tana kuka. Nzima ya ɓoye fim ɗin cikin safarsa don kada a ƙwace. Rikicin ya bazu a ƙasar, ɗaruruwa suka mutu. Nzima ya bar aikin jarida saboda matsin ƴan sanda, aka rufe jaridar a 1977. Makhubo ya gudu daga ƙasar, kuma saƙonsa na ƙarshe da ya iso wa mahaifiyarsa daga Najeriya ya fito, a 1978. A 1991 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta ayyana 16 ga Yuni a matsayin Ranar Yaron Afirka. Bikin da muke yi da waƙa da rawa, asalinsa yara ne da suka mutu a kan tambayar da wane harshe za a koyar da su.

Hoton Nzima ya nuna ranar da abin ya fashe. Hoton Cole, wanda ya riga shi da shekara goma ko fiye, ya nuna wutar da ke ci a ƙarƙashin tukunya. Idan aka ajiye su gefe da gefe, yaro zai gane cewa tarihi ba ya faɗowa daga sama rana ɗaya.

Shi Cole bai ga ƙarshen labarin ba. Ya ci gaba da ɗaukar hotuna a Amurka, ya zauna wani lokaci a Suwidin, daga baya ya daina aikin, talauci da kewar gida suka cinye shi, har ya kai ga rasa wurin kwana a New York. Ya rasu a can da ciwon daji a watan Fabrairun 1990 yana da shekara 49, kwanaki kaɗan bayan an saki Nelson Mandela daga kurkuku ranar 11 ga watan. An daɗe ana zaton yawancin aikinsa ya ɓace, sai a 2017 aka gano fim ɗin hotunansa kimanin 60,000 a ma'ajiyar wani banki a Stockholm. A 2024 Raoul Peck, ɗan ƙasar Haiti, ya fitar da fim a kan rayuwarsa.

Amsar da na ba yarinyar

Na ce mata: ɗiyata, kin gani daidai. Zafin iri ɗaya ne, cunkoson iri ɗaya ne, ƙoƙarin yaron ma irin naku ne. Bambancin yana cikin dalili. A can doka ce aka zauna aka rubuta da gangan don kada yaron ya wuce wani matsayi saboda launinsa. A nan babu dokar da ta ce ke ba za ki zama likita ba. Abin da ya cika ajinmu shi ne talauci, da yawan yara, da ƙarancin gine-gine da malamai, da sakacin manya.

Amma da na koma gida sai na ga amsar ba ta wanke mu ba. Idan wani ya zo yau ya ɗauki ƴaƴanmu a ajin zana, zaune a kan buhu, iskar hunturu tana kwasar ƙura tana zuba musu, bayan shekara hamsin jikokinmu za su duba hoton su yi tambayoyin da muke yi wa na Cole. Wa ba ya cikin hoton? Ina ƴan matan da aka cire daga lakwal? Ƴaƴan wa ke karatu a wani wurin da ya fi wannan? Da wane harshe malamin ke magana, kuma yara nawa ke fahimtarsa? Rashin mugun nufi ba ya rage wa yaro zafin rana. Kwatanta halinmu da mulkin wariya kuskure ne a tarihi. Fakewa da wannan bambanci don mu yi shiru shi ma kuskure ne.

Abin da za mu iya yi

Ga abokan aikina malamai, wannan darasi ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Hoto ɗaya da aka buga a takarda ya isa aji guda. Tsarin da nake bi shi ne na hana yara fassara tun farko. Su fara lissafa abin da ido ya gani kawai: mutum nawa, me suka sa, ina suke kallo, akwai rubutu ko babu. Bayan nan sai mu tambayi wa ya ɗauka, yaushe, a ina, kuma a ina ya tsaya. Sai mu tambayi abin da aka bari a waje. Daga ƙarshe na ba su tarihin, su sake duba hoton su faɗi abin da ya sauya a ganinsu. Na lura yaran da ba sa buɗe baki a darasin tarihi saboda Faransanci ya yi musu nauyi, a nan su ne kan gaba, musamman idan na bar su su fara da Hausa. Kuma yaron da ya saba tambayar wa ya ɗauka, yaushe, a ina, ba zai yi saurin tura hoton wata ƙasa da aka ce masa na garinsu ne ba.

Ga iyaye kuma, akwai taskar tarihi a cikin gidajenmu. A ƙasan akwati, a cikin tsohon littafi, a bayan madubi, akwai hotuna baƙi da fari: na kati, na aure, na dawowa daga Makka, na wanda ya je ci-rani Kumasi ko Legas ya tsaya kusa da rediyo ko keken da wataƙila ma na mai hoton ne. Su ma ana karanta su kamar na Cole. Me ya sa kaka ya sa kwat a wannan rana? Me ya sa matan gidan ba sa ciki, ko suke tsaye a baya? Gara da damina suna cin waɗannan hotuna, tsofaffin da suka san sunayen mutanen ciki kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Aikin Cole ya yi sa'a ya kwana a ma'ajiyar banki. Namu ba su da wannan gata.

Shawarata ita ce a wannan hutu kowane gida ya fito da hotunansa, a zaunar da yara gaban kaka ko wani dattijo, a tambaye shi su wane ne, a ina, wace shekara, ko shekarar wane abu. Yaron da ya iya rubutu ya rubuta amsar da fensir a bayan hoton, a kuma ɗauke shi da salula a ajiye. Ni na fara da na mahaifina, wanda aka ɗauka a Maradi kafin a haife ni. Mutum huɗu ne a ciki. Gwaggona ta gane uku. Na huɗun har yanzu muna cigiya.